Tiya Biyu: Mu 'Yan Kallo, Alƙalin Wasa Da 'Yan Matan Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya taɓa shiga layin 'yan hatsi a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko a Ƙauran Namoda, ko a Zurmi, ya san babu zagin da ya fi yi wa mai awo ciwo kamar a ce, "Wane tiya biyu gare shi." Wato babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Wanda aka kama da wannan hali ya zubar da mutuncin sa ke nan a kasuwa, kuma tun mu na makarantar allo mu ke jin makomar masu tauye mudu. A kan wannan babu musu.

Inda musun ya ke shi ne idan tiyar ba ta kwano ba ce, a ƙirji ta ke. Ɗan kallon da ke auna laifin gwanin sa da ƙaramar tiya, ya auna na abokin karawar gwanin da babba, sa'annan ya juya ya zagi alƙalin wasa wai ba shi da adalci, shi mene ne sunan sa? Azzalumi ne shi ma, ko kuwa "ai wasa na," kamar yadda mu kan ce a nan gida, saboda haka babu komai?

Zan bi ta kan ƙwallon kwando na mata in amsa tambayar. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, alhali da yawan mu a wannan yanki ba mu taɓa ganin mace ta jefa ƙwallo cikin kwando ido da ido ba. To, a yi haƙuri a biyo ni. Wasan dai ba baƙo ba ne a Arewa, domin a Zariya Masai Ujiri ya tashi ya koye shi, kafin ya je ya jagoranci Toronto Raptors su ka ci kofin NBA a 2019. Na matan kuwa ta waya ya shigo mana. A gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024, 'yan matan Nijeriya, D'Tigress, sun doke Ostireliya da ci 75 da 62, su ka doke Kanada 79 da 70, su ka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afrika, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. A 2025 kuma su ka ɗauki kofin Afrika karo na biyar a jere a Abijan.

Da yawan waɗannan 'yan mata a jami'o'in Amurka su ka goge. Kociyar da ta kai su Faris, Rena Wakama, a Jami'ar Western Carolina ta yi wasa. Ezinne Kalu a Savannah State. Amy Okonkwo a TCU. Can ce gonar da mu ke girbi. Shi ya sa rigimar da aka tayar a filayen can ta kan biyo Facebook da TikTok ta zo ta kwana a teburin mai shayi na bakin foli a Ƙaura.

ALAMA ƊAYA, HUKUNCI BIYU

Ranar 2 ga Afrilu, 2023, a birnin Dallas, aka buga wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka ta mata, tsakanin Jami'ar Jihar Louisiana, wadda ake kira LSU, da Jami'ar Iowa. LSU ta ci 102 da 85, a gaban masu kallon talbijin kusan miliyan goma. Ana dab da tashi, tauraruwar LSU, Angel Reese, baƙar fata 'yar shekara 20, ta tunkari tauraruwar Iowa, Caitlin Clark, farar fata 'yar shekara 21. Ta buɗe tafin hannu ta na kaɗa shi a gaban fuskar kan ta, irin yadda ɗan kokawar nan John Cena ke yi, ma'ana "ba ki isa ki gan ni ba." Sa'annan ta nuna yatsar da za ta sa zoben zakaru.

Kafin gari ya waye an yi mata ca. Manyan 'yan jarida da masu sharhi su ka kira ta marar tarbiyya, wasu su ka zage ta tas. Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. Mako guda kafin nan, ranar 26 ga Maris, ita Clark ɗin ta yi wannan alama sak a wasan su da Louisville, inda ta ci maki 41. A ranar ba a ce ta yi rashin kunya ba. Cewa aka yi yarinya ce mai zuciya, har shi John Cena da kan sa ya yaba mata.

Reese ta fito ta ce shekara guda ke nan ana sukar ta don ba ta shiga akwatin da ake so ta shiga ba, amma in wasu su ka yi irin abin da ta yi ba a cewa uffan. Ita ma Clark da aka tambaye ta, sai ta ce sam bai kamata a soki Reese ba. Abin bai tsaya nan ba. Uwargidan shugaban Amurka na lokacin, Jill Biden, ta ba da shawarar a gayyaci Iowa ma zuwa fadar shugaban ƙasa, alhali a al'ada zakaru kaɗai ake gayyata. Da aka yi surutu aka janye maganar. Amma tambayar ta rage a zukatan baƙaƙen fata: da LSU ce aka doke, za a tuna da ita?

JARUMI DA BOS

A nan ne aikin mu na 'yan sharhin fim ya shigo. Mu da mu ka tashi a kan finafinan Indiya da na Hausa, kafin a yi minti goma da fara fim mun san wane ne jarumi, wane ne bos. Daga nan shi ke nan. In jarumi ya kwaɗa wa mutum mari mu yi tafi, in bos ya yi irin marin mu ce Allah wadai. In Amitabh ya ɗauki bindiga a "Sholay" jarumta ce, in Gabbar Singh ya ɗauka ta'addanci ne. A fim wannan daidai ne, domin marubuci ya zauna ya shirya mana dalilan kowa. Matsalar ita ce mun ɗauko wannan ido mun kai shi filin wasa, inda babu marubuci, babu bos, sai 'ya'yan mutane da ke neman maki.

Kimanin shekara ɗari da su ka wuce, wani darakta ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov ya yi wani gwaji da duk ɗalibin fim ya sani. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da kwanon miya, sa'annan da gawa a akwati, sa'annan da wata mace. Masu kallo su ka riƙa yaba yadda ɗan wasan ya nuna yunwa, ya nuna baƙin ciki, ya nuna sha'awa. Alhali fuskar ɗaya ce. Abin da aka jera kusa da ita ne ya ba ta ma'ana.

To, haka guntun bidiyon nan na daƙiƙa goma sha biyar da ya faɗo wayar ka ya ke. Wani ne ya zauna ya yanko shi, ya zaɓi inda zai fara da inda zai tsaya, ya rage masa gudu, ya ɗora kiɗa, ya rubuta maka abin da za ka ji a ran ka tun kafin ka kalla. Wannan mutum shi ne daraktan ka, kuma ko sunan sa ba ka sani ba. Masu kallon fim ɗin Shah Rukh Khan na 2007, "Chak De! India", za su tuna yadda hoto ɗaya tak, na musabaha da ɗan wasan Pakistan bayan an ci Indiya, ya sa aka kira kyaftin Kabir Khan maci amanar ƙasa, ya bar unguwar su da mahaifiyar sa, ya ɓace shekara bakwai. Mun tausaya masa a fim. Amma kullum mu ne 'yan unguwar nan da su ka rubuta masa zagi a bango.

Kuma kada a ce ai gani ya kori ji. A 1951 jami'o'in Princeton da Dartmouth sun buga wani wasan ƙwallon Amurka mai zafi wanda aka ji raunuka. Wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Hastorf da Cantril, su ka nuna wa ɗaliban makarantun biyu fim ɗin wasan, su ka ce kowa ya ƙirga laifukan da ya gani. Ɗaliban Princeton su ka ƙirga wa Dartmouth laifi fiye da ninki biyu na abin da ɗaliban Dartmouth su ka ƙirga wa ƙungiyar su. Fim ɗaya, allo ɗaya. Ba ƙarya yaran su ka yi ba, abin da su ka gani ke nan. Bahaushe ya riga su faɗa: so hana ganin laifi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ƙwarai, amma idon mai goyon baya ya kan zo da ƙimar sa tun daga gida.

KIRARI KO WULAƘANCI?

Yanzu a koma kan abin da Reese ta yi. In ka saurari musun a majalisa za ka ji ɓangare biyu. Wani ya ce, "Ɗiyag ga ba ta da kunya, wallahi!" Wani ya ce, "Mi ta yi? Ai kirari na!" Mu dai ba mu da bakin ƙyamar kirari. A filin dambe, ko na Kudu ne ko na Arewa ko Guramada, ɗan dambe ya na fitowa ya ɗaga hannun sa ɗaure da zare, ya kira kan sa duk sunan da ya ga dama, ya nuna abokin karon sa da yatsa, makaɗa su na zuga shi, mu kuma mu na liƙa masa kuɗi. Da babu kirari da zuga, da Ɗan Anace bai bar mana sunan Shago ba. Wasa ba zaman makoki ba ne.

Amma shi damben ya na da iyakar sa. In an kashe mutum, wato hannun sa ko gwiwar sa ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Ba a bin sa da naushi a kwance. Masu sukar Reese su na da hujja a nan, kuma bai kamata a share ta ba: Clark ta yi alamar ne a taƙaice ana cikin wasa, ita kuwa Reese ta bi abokiyar karawar ta da ita bayan nasara ta riga ta tabbata. A ra'ayi na wannan bambanci gaskiya ne. Kirari ana cikin karo jarumta ce, gori ga wanda ya riga ya faɗi kuwa ƙaranta ce, ko wa ya yi shi.

Sai dai in za a auna, a auna duka. A wasan kusa da na ƙarshe na wannan gasar, Clark ta yi wa Raven Johnson ta South Carolina nuni da hannu irin na "ƙyale ta, ba ta iya jifa ba," ta bar ta tsaye ba ta ko matsa kusa da ita ba. Bidiyon ya zaga duniya ana dariya, kuma Johnson ta faɗi daga baya irin zafin da abin ya yi mata. Wannan ma raini ne a bainar jama'a. Masu zagin Reese nawa ne su ka ce uffan a kai? Yawancin su ba bambancin nan ne ya sa su ka zaɓi ɓangare ba. Sun zaɓi ɓangare tukuna, sa'annan su ka nemo bambancin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A Amurka launin fata ne ya raba tiyar biyu. A nan kuwa jinsi ne. Ɗan ƙwallo ya ci ƙwallo ya cire riga ya yi ta tsalle, mu ce namiji. Mace ta ɗaga murya a fili, mu ce ta fitsare. Masu karatun wannan shafi ba sai an je da su nesa ba. A Oktoba 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga harkar fim saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙar ClassiQ. Ƙungiyar ta na da dokokin ta, kuma mawaƙin ba ɗan ta ba ne balle ta kore shi. Wannan an ji. Amma mu 'yan kallo fa, da ba mu da rajistar kowa? Mutum biyu ne a hoton, amma zagin kusan duk kan mutum ɗaya ya sauka. Kunya abu ne mai kyau, kuma addini da al'ada sun ɗora ta a kan namiji da mace. Ranar da ta zama kaya a kan mace kaɗai, ta tashi daga tarbiyya ta koma bulala.

MAI USUR

Saura alƙalin wasa, wanda kowa ke hucewa a kan sa. A wancan wasa na Dallas an hura laifi 37. A zango na uku aka ba Clark laifin ɓata lokaci don ta wurgar da ƙwallo ta bayan ta bayan an hura usur. Wannan ya zama laifin ta na huɗu, kuma a na biyar ake fitar da mutum. Magoya bayan Iowa su ka ce an yi masu fashi, su ka nuna yadda kociyar LSU, Kim Mulkey, ke shigowa cikin fili ba a ce mata komai ba. Abin da ba su cika tunawa ba shi ne ita ma Reese an hura mata laifi biyu tun a zangon farko, ta zauna a benci har aka tafi hutun rabin lokaci. Kowa ya riƙe usur ɗin da ya cuce shi, ya manta wanda ya taimake shi.

Bayan shekara guda abin ya juya. Ranar 5 ga Afrilu, 2024, Iowa ta kara da UConn a wasan kusa da na ƙarshe. Saura daƙiƙa 3.9, Iowa na gaba da maki ɗaya, ƙwallo na hannun UConn. A dokar wasan, an yarda ki tsaya cik kamar ginshiƙi ki tare wa abokiyar ki mai bin ta, amma in kin motsa kin bangaje ta laifi ne. Alƙali ya ga Aaliyah Edwards ta motsa ta bangaji Gabbie Marshall, aka hura. Iowa ta ci 71 da 69. Waɗanda su ka yi kukan zalunci a 2023 su ne su ka ce doka doka ce a 2024. Gwano ba ya jin warin jikin sa.

Masu fushi su ka kawo wata hujja da ta cancanci a tsaya a kan ta. Su ka ce ko da laifi ne, ba a hura irin sa a daƙiƙar ƙarshe. A bar 'yan wasa su raba gardama da kan su. Maganar ta na da daɗin ji, ballantana ga mu masu son fim ya ƙare da faɗan jarumi da bos. Amma a duba da kyau. Alƙalin da ya ga laifi ya haɗiye usur bai fita daga shari'ar ba, ya yanke ta ne, ya ba mai laifi gaskiya. Doka ba ta duba agogo. In ta na dubawa, to duk mai son yin keta sai ya adana ta sai ƙarshe. Inda masu fushin ke da gaskiya shi ne idan alƙali ya bar irin wannan bangaza ta wuce tsawon minti 39, sai a minti na 40 ya tuna da littafi. Wannan ma tiya biyu ce. Abin da mu ke bin alƙali bashi shi ne tiya ɗaya daga farawa har tashi. Ita kuwa tauraruwar UConn, Paige Bueckers, wadda ta fi kowa asara a daren, cewa ta yi hukunci ɗaya ba shi ke ci ko kayar da wasa ba.

Sa'annan dole mu raba kuskure da zalunci. Malaman fiƙihu ma sun bambanta alƙalin da ya yi iyakar ƙoƙarin sa ya kuskure da wanda ya san gaskiya ya take ta. Alƙalin wasa sau ɗaya ya ke ganin abu, ya na gudu, wani ya tare masa gani, dubban mutane na ihu a kan sa. Kai kuwa ka na zaune a benci da kofin shayi, ka maimaita sau goma ta kusurwa uku, sa'annan ka ce, "Wanga rafali makaho na, ko ko an saye shi!" Hukumar gasar ta sake bibiyar faifan wasan Dallas bayan watanni, ta amsa cewa alƙalancin bai kai yadda aka saba ba: an dace a kashi 88 cikin ɗari, maimakon wajen 91. Ka ga ko a ranar da abin ya yi kyau, kusan tara cikin ɗari kuskure ne. Haka ɗan'adam ya ke.

Ba na cewa babu alƙalan da ke karɓar na goro. Akwai su, kuma ɗan Nijeriya bai yi laifi ba in ya yi zargi. Amma zargi daban, hujja daban, kuma mun ga inda rashin bambanta su ya kai mu. A Yunin 2019, a filin Agege a Legas, bayan Kano Pillars ta tashi 1 da 1 da Enugu Rangers, magoya baya su ka kutsa fili su ka bi alƙali, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A Oktoba 2025, a filin Sani Abacha na Kano, da Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka sake afka wa alƙalai da baƙi. Hukumar gasar ta zabge wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta mayar da wasannin ta na gida Katsina. Waɗanda su ka yi dukan "don kishin ƙungiya" su ne su ka fi kowa cutar ta.

ABIN DA KE BAYAN WASA

Mu dawo kan "ai wasa na." Wasa ne ga mai kallo. A Afrilu 2024, bayan Iowa ta rama ta fitar da LSU da ci 94 da 87, Angel Reese ta zauna gaban 'yan jarida ta na hawaye, ta ce tun ranar da ta ci kofi ake zagin ta, ake yi mata barazanar kisa, ake yi mata maganganun batsa. Gabbie Marshall, wadda laifin ta kawai shi ne an bangaje ta, ita ma ta ce sai da ta ƙaurace wa shafukan ta saboda zagi. Gorin daƙiƙa goma, hukuncin shekara guda. Ko da mun yarda Reese ta yi laifi, wane alƙali ne zai yanke wannan hukunci mu kira shi adali? Amma mu mu ka yanke, kowa da ɗan tsakuwar sa, kowa na ganin tasa ba ta da nauyi.

Mu mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura ba sai an yi mana lacca kan illar hukunta mutum da rigar sa ba. A shekarun nan na 'yan bindiga mun ga an kashe mutum a kasuwa don kamannin sa da harshen sa, mun ga an ƙone ƙauye don ramuwar laifin wasu, mun ga kalmar "infoma" ta fito daga bakin mutum ɗaya ta gama da wani ba tare da shaida ba. Musun ƙwallo bai kawo mana wannan bala'i ba, kowa ya sani. Amma halin ɗaya ne: namu ba ya laifi, nasu ba ya gaskiya, kuma duk wanda ya tsaya a tsakiya an saye shi. Filin wasa ne wurin da yaro ke koyon wannan hali a arha, kuma nan ne zai iya koyon kishiyar sa a arha. Wanda ya kasa cewa "gaskiya ɗan wasan mu ne da laifi" a kan ƙwallon da ba ta ƙara masa ko sisi, ranar da za a ce ɗan'uwan sa ne da laifi a kan gona ko shanu, ya ya za ta kaya?

Ba cewa na ke a daina goyon baya ba. Kallo babu gwani lami ne, kamar miya babu gishiri. Ka so ƙungiyar ka, ka yi ihu, ka tsokani maƙwabcin ka har ya ƙi gaishe ka da safe. So ya na da filin sa: ya na da damar ya sa ka murna, ya sa ka baƙin ciki, ya sa ka fata. Abin da ba shi da dama shi ne ya hau kujerar shaida. In an zo kan me ya faru, wa ya yi laifi, wane hukunci ya dace, to a nan sai so ya koma gefe.

Gwajin kuwa ba shi da wuya, kowane edita ya san shi. Kafin ka tura zagi, ka sake tace fim ɗin a ran ka, ka musanya rigunan. Ka sa wa Reese rigar Iowa, ka sa wa Clark ta LSU. Ka mayar da 'yar wasan namiji. Ka mayar da usur ɗin kan ƙungiyar da ba ka so. In hukuncin ka bai motsa ba, faɗe shi da ƙarfi, ko a gaban wa. In kuwa ya motsa, to ka san ba laifin ka ke aunawa ba, rigar ka ke aunawa.

Amsa ta ga tambayar farko ita ce e, mai tiya biyu a ƙirji ya tauye mudu, ko da abin da ya tauye mutuncin wata yarinya ce da ba za su taɓa haɗuwa ba. Bambancin sa da na kasuwa kawai shi ne babu sarkin kasuwar da zai kama shi. Shi zai kama kan sa, in ya ga dama.

Ita kuwa Raven Johnson da aka yi wa dariya, ta jira har shekara ta zagayo. Ranar 7 ga Afrilu, 2024, ita aka ɗora ta tsare Clark a wasan ƙarshe, South Carolina ta ci 87 da 75. Sun raba gardamar su a fili, a gaban alƙali, aka tashi kowa ta kama gaban ta. Mu ne har yau ba mu tashi daga teburin mai shayi ba. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatan mu, amin.